Kafin a Ce Inji Ya Ƙone

Tun da ruwan famfon hukuma ya gaza cim ma yaɗuwar unguwanni a biranenmu, magidantan da Allah ya hore wa hali suka koma haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu, suna zura mata injin nan mai nutso da jama'a ke kira sumo, suna ɗora tanki bisa hasumiyar ƙarfe, har ya zamana ruwan sha da na girki da na alwala, da na maƙwabtan da ke jera jarkoki a ƙofar gida, duk sun rataya a kan na'ura guda wadda ba mai ganinta, tana can ƙasa mita 40 ko 50. Saboda haka ranar da aka murɗa kan famfo da asuba aka ji shiru, maganar farko da ke fita daga bakin mutanen gida ita ce inji ya ƙone. Wannan hukunci kuwa galibi zato ne, kuma zato mai tsada, domin da yawa an fid da inji lafiyayye an sayi sabo, alhali illar tana wani wuri dabam. Kamar yadda alƙali adali ba ya yanke hukunci sai ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, haka ya kamata maigida ya bi sawun ruwan daga bakin famfo zuwa gindin rijiya, yana fara wa da abin da idonsa ke gani.

Tambaya ta farko ita ce: famfo ɗaya ne ya ɗauke, ko kuwa gidan duka? In ɗaya ne, to, babu ruwan rijiya a cikin maganar. A kwance 'yar rariyar da ke bakin famfon, sau da yawa za a tarar da ita cike da yashi da ɓarɓashin tsatsa, a wanke a mayar. In kuwa gidan duka ne, sai a hau a leƙa tanki. Tanki cike amma ruwa ba ya sauka, wannan alama ce ta bawul da wani ya rufe ya manta, ko laka ta toshe mafita, ko iska ta maƙale a bututu bayan tankin ya taɓa ƙafewa. Ya kamata kuma a sani cewa ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki tsawon hasumiya ne ke ba da shi, ba girman tankin ba, don haka wanda ya gina bene kusa da tsayin tankinsa kada ya yi mamakin ruwa yana ɗiga a sama.

Idan tanki ya bushe, sai a koma ga wuta, wadda a ƙasarmu ita ce uwar mafi yawan cututtukan inji. An ƙera waɗannan injuna ne su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 230, kuma duk sa'ad da aka kawo ta da rauni, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar, to, injin yakan ja wuta fiye da ƙima don ya cika aikinsa, wayoyinsa su yi zafi, har wata rana su narke. A wajen tashi kuma yana bukatar ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana tafiya, wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin janareta ke yin nishi ya mutu da zarar an kunna injin. A cikin akwatin makunnin da ke jikin bango akwai wani ɗan gwangwani da ake kira kafasita, wanda aikinsa shi ne tunkuɗa injin ya fara juyawa. Idan ya lalace, sai a ji gunji kawai ba ruwa, wani lokaci a gan shi ya kumbura ko ya tsiyayar da mai. Kuɗinsa ƙalilan ne in an gwada da kuɗin inji. Haka nan makunnin nan mai iyo a cikin tanki, wanda ke kashe inji idan ruwa ya cika, yakan sarƙe ya hana wuta wucewa. Amma ina gargaɗi da babbar murya, kada wanda ba ma'aikacin lantarki ba ya sa hannu cikin akwatin nan, domin kafasita yana riƙe wuta ko bayan an kashe makunni, ruwa da lantarki kuwa haɗuwarsu halaka ce.

To, sai mu zo ga mas'alar da ta fi kowace wuyar ganewa, wadda kuma ta fi cin dukiyar mutane. Akwai gidan da za a kunna inji, ruwa ya zo da ƙarfi na minti goma ko sha biyar, sa'an nan ya fara tari yana fesar da iska, ya ƙanƙance, ya ɗauke, in an huta sa'a guda kuma ya dawo kamar ba abin da ya faru. Wannan inji ba shi da laifi ko kaɗan. Rijiyar ce ba ta iya ba shi abin da yake nema. Ƙasar Kano da Zariya da Kaduna, mafi yawanta tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa sai a rubabben sashensa na sama da kuma cikin tsage-tsagensa, saɓanin ƙasar Barno da wani yanki na Sakkwato inda shimfiɗun yashi masu kauri ke riƙe ruwa mai yawa. Rijiyar da aka haƙa cikin dutse a hankali take tsatsafowa, kuma idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, ga zafi ga yawan bukata, ga kuma rijiyoyin maƙwabta duk suna zuƙa daga jijiya ɗaya, sai ruwan ya yi ƙasa har ya bar bakin injin a fili. Shi kuwa sumo ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, don haka barinsa yana juyi a bushe shi ne ainihin abin da ke ƙona shi.

A nan ne mutane ke yin kuskuren da ke ba ni takaici, wato su sayo inji mai ƙarfin doki biyu a madadin mai ɗaya, suna tsammanin ƙarfi zai kawo ruwa, alhali babu abin da zai ƙara illa saurin ƙafar da rijiyar da jawo yashi. Maslaha tana cikin akasin haka: a ɗan rage buɗin bawul ɗin da ke bakin rijiya domin abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shigowa, a riƙa ɗibar ruwa kashi-kashi, da asuba da dare, a kuma sa na'urar da ke kashe inji da kanta idan ruwa ya yanke. Ana iya ƙara zurfafa injin in rijiyar tana da sarari, amma ba har gindi ba, inda laka da yashi suke taruwa, domin yashi yana cinye fikafikan da ke cikin injin sannu a hankali, har a wayi gari yana juyi lafiya amma ba ya iya kai ruwa tanki.

Masu injin da ke zaune a bakin rijiyar gargajiya, nasu al'amarin dabam ne. Irin wannan inji zuƙo ruwa yake yi, kuma bisa ɗabi'ar nauyin iska ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, kome ƙarfinsa. In bawul ɗin da ke ƙarshen bututu yana yoyo, ruwan yakan zurare cikin dare, sai an cika cikin injin da ruwa kafin ya kama. Kada kuma a taɓa saukar da janareta ko injin fetur cikin rijiya, ko a bar mutum ya shiga alhali hayaƙi na sauka, domin an yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Sai bayan duk waɗannan shaidu sun kuɓuta ne ya halatta a kira mai gyara a fid da sumo, kuma ko a sa'an nan a fara duba bututun da ya hau da ruwan, ko ya tsage ko mahaɗinsa ya saki, da wurin da aka haɗa waya cikin ruwa, kafin a taɓa injin. Abin da zai sauƙaƙa wa mai gyara aikinsa shi ne maigida ya rubuta zurfin rijiyarsa da zurfin da aka rataye inji tun ranar haƙa, ya kuma riƙa gwada ruwan da jarka mai lita 25 yana duban agogo. Idan ta cika cikin minti ɗaya, injin na turo lita 1,500 a sa'a. Idan bayan wata shida ta koma ɗaukar minti biyu, a lokacin ne ya kamata a fara bincike, tun ruwan bai ɗauke ba.