Yadda ake kula da tsohon ɓeran Masar mai ciwon gaɓoɓi

Ɓeran Masar, ƙaramar dabbar nan mara wutsiya da ake kiwo a gidaje da makarantu, yakan rayu shekara 5 zuwa 7, wani ma ya kai 8. Duk da sunan da ake kiransa da shi, asalinsa daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka yake, inda har yanzu ake kiwonsa don nama a ƙasashe irin su Peru. Daga shekara 4 zuwa sama ake lissafa shi cikin tsofaffi, kuma a wannan lokaci ne ciwon gaɓoɓi, wanda ake kira amosani, ya fi bayyana.

Ciwon yana faruwa ne idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. A jikin ɓeran Masar gwiwa ce ta fi kamuwa. Hasali ma masana kimiyya na amfani da wani nau'insa mai suna Dunkin-Hartley wajen nazarin amosanin gwiwa na ɗan Adam, domin ciwon kan taso masa da kansa yayin da yake manyanta.

Matsalar ita ce dabbar na ɓoye ciwo, kamar yadda duk dabbar da ake farauta take yi. Mai kiwo ba zai ji kuka ba. Abin da zai gani shi ne ɓeran ya rage zirga-zirga, yana daɗewa kwance wuri guda, ko yana tsalle da ƙafafun baya biyu a tare kamar zomo. Gashin bayansa kan cukurkuɗe saboda ya kasa lanƙwasawa ya gyara jikinsa, fitsari kuma ya jiƙa masa ciki.

Kafin a yanke hukuncin cewa tsufa ne, akwai abin da ya kamata a fara bincika. Ɓeran Masar, kamar mutum, jikinsa ba ya iya samar da sinadarin bitamin C, sai ya samu daga abinci kullum. Rashinsa na kumbura gaɓoɓi, ya sa ɗingishi da zubar jini a dasashi, alamomin da suka yi kama da amosani ƙwarai. Bambancin yana da girma: ƙarancin bitamin C na warkewa idan an gyara abinci, amosani kuwa ba ya warkewa, sai dai a sassauta shi. Likitan dabbobi ne ke iya rarrabewa ta hanyar duba jiki, wani lokaci da hoton ƙashi. Koren tattasai na daga cikin abubuwan da suka fi wadatar da sinadarin, haka ma ɗan yankin gwaiba jefi-jefi. Zuba bitamin a ruwan sha ba abin dogaro ba ne, domin haske na lalata shi da wuri, kuma idan ɗanɗanon ruwan ya sauya dabbar kan rage sha.

Mafi yawan aikin jinya a wurin kwana yake. Kejin da aka yi wa daɓe da waya yana huda tafin ƙafa, ya haifar da gyambon da ke da wuyar magani, balle ga dabbar da ke kwana a kan ƙafafunta tsawon yini. A shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa mai laushi ko tsumma mai kauri, a riƙa canzawa da zarar ya jiƙe, domin damshi na jawo ƙudaje su yi ƙwai a fata. A cire duk wani tudu ko matakala, a matso da ruwa da abinci kusa da inda yake kwanciya. Sanyin hunturu na ƙara ƙagewar gaɓoɓi, don haka a kare shi daga iska da dare. Amma zafin bazara ya fi kashe shi da sauri: idan zafi ya kusanci digiri 30 a ma'aunin Salshiyos yana cikin haɗari, kuma keji a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana tarko ne.

Ciyawa ce ginshiƙin abincinsa, saboda haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Ƙiba na ƙara wa gwiwa nauyi, rama kuma alama ce ta wata cutar. Babban ɓera kan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma auna shi sau ɗaya a mako da ƙaramin sikeli ya fi kallon ido gaskiya. Akwai kuma wani abu da masu kiwo da yawa ba su lura da shi ba: dabbar na cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga duburarta don samun sinadaran da hanji ya sarrafa. Wadda ta kasa lanƙwasawa kan rasa wannan, tsofaffin maza kuma kashi kan taru musu a baya har sai an goge musu da tsumma da ruwan ɗumi.

Batun magani ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Likitocin dabbobi kan rubuta meloxicam don rage zogi da kumburi, suna auna adadinsa gwargwadon nauyin dabbar, tare da lura da ƙodarta. Ba a ba ɓeran Masar maganin mutane daga kemis. Magungunan dangin fenisilin, irin su amoxicillin da ampicillin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, su jawo gudawa mai kisa cikin 'yan kwanaki. A Najeriya akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Ibadan, Nsukka, Maiduguri da Sakkwato, ban da asibitocin dabbobi na jihohi.

Ba a raba tsohon ɓera da abokin zamansa, domin kaɗaici na hana shi ci, sai dai idan abokin yana ture shi daga wurin abinci. Idan kuwa ya yi sa'o'i 12 bai ci ba, ko kashinsa ya tsaya, a garzaya da shi wurin likita a ranar, saboda hanjinsa na iya daina aiki gaba ɗaya.