GANIN LIKITA TA WAYA: AMFANINSA DA INDA YA TSAYA



'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, tambaya ɗaya ta yawaita a saƙonninku: "Malam, wai ya halatta mutum ya kira likita a waya ya rubuta masa magani bai gan shi ido da ido ba?" To, halaccin ba shi da matsala. Neman magani umarni ne na Manzon Allah (SAW). Abu Dawud ma ya ruwaito cewa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi da kansa ya nuna a nemi Harisu bin Kalada, likitan Banu Saƙif. Kowace sana'a da mai ita. Abin dubawa shi ne, wace cuta ce waya za ta iya, wace ce ba za ta iya ba.

Ka fara duba abin da ya sa mutane suka koma can. Kai da kake wani ƙauye a ƙasar Makoɗa ko Kunchi, in an tura ka Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka san abin da ke gabanka. Sammako bayan asuba, acaba zuwa bakin titi, mota zuwa birni, sannan a daidaita sahu. Ka yanki kati, ka bi layi. Ba kai kaɗai za ka je ba, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. In da damina ne, ga asarar yini guda a gona lokacin noma ko maimai, ciyawa kuwa ba ta jiran mai ita ya dawo daga asibiti. Duk wannan wahala, wani lokaci don likita ya kalli takardar gwaji na minti biyar ne ya ce ci gaba da maganinka. Wanda ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp, ai bai yi wauta ba.

Mutane da yawa sun saba da haka ne a lokacin korona. A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano, azumi ya same mu a kulle, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa hanyar zuwa ganin likitocinsu, sai waya.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: kunya. Ni da nake zaune da masu lalura shekara da shekaru na san wannan. Dattijo zai yi shekara uku da basir ko matsalar fitsari, ba zai iya buɗe baki a gaban yaron da ya haifa ba. Uwargida tana fama da sanyi, tana tsoron a haɗa ta da likita namiji, ko a ga maƙwabciya a layi gobe magana ta zaga gari. A waya, daga cikin ɗakinta, za ta iya neman likita mace ta faɗi abin da ke damunta. Maigida, in iyalinka ta nemi haka, sa mata kati ka ba ta wuri. Haƙƙinta ne a kanka.

Amma fa waya ba ta da hannu. Ba ta taɓa ciki, ba ta auna jini, ba ta ɗibar jinin yatsa ta gane zazzaɓin cizon sauro ne ko wani abu. Ni kaina da nake ba da habbatus sauda da zuma, akwai wanda in ya yi min bayani a waya nake ce masa ajiye wayar nan ka nemi mota. Mai ciki da jini ya ɓalle mata, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ƙafa, ko jijjiga. Yaron da ya suma, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa yake sama-sama. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman da bazara lokacin sanƙarau. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, irin mashaƙon da ya addabi Kano a 2023. Bakin da ya karkace ko ɓarin jiki da ya saki farat ɗaya. Saran maciji. Waɗannan ba a jiran sabis ya dawo. A nufi babban asibiti mafi kusa, na Ɗambatta ne ko na Bichi, in ya so a yi wayar a hanya.

Sai batun wanda ke can ƙarshen layin. Ba duk mai farar riga a hoton Facebook ne likita ba. Ya zo a hadisi cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, alhakin ɓarnar yana wuyansa, kuma wannan ya hau kanmu masu maganin Musulunci kamar yadda ya hau kowa. Wanda tun kafin ka gama bayani ya turo lambar asusu ya ce yana da magani ɗaya mai warkar da suga da hanta da rashin haihuwa, rabu da shi. Ya fi kyau ka karɓi lambar likita ko ma'aikaciyar jinyar da ka taɓa gani a asibiti, wadda ta san katinka. Likitan gaske yakan yi tambayoyi, kuma ba ya jin nauyin cewa wannan sai na gan ka.

In za ka kira, tanadi kwalayen magungunan da kake sha a gabanka, har da jiƙo da sassaƙe, kada ka ɓoye su, don wani ganyen yana karo da maganin asibiti. Faɗi ranar da ciwon ya fara. Mai hawan jini ya biya kemis a auna shi ya rubuta lambar. In an faɗi sunan magani, a rubuto maka shi a saƙo da yadda ake sha, kada ka dogara da kunne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.