Masu Gadin Daji da Kuɗin Kabon

Cinikin kabon ba shi da wuyar ganewa. Bishiya tana zuƙe iskar kabon da masana'antu da jiragen sama ke fitarwa. Idan aka hana saran wani daji, sai a ƙiyasta tan nawa na wannan iska aka tsare, kowane tan a ba shi takardar shaida guda. Manyan kamfanonin Turai da Amurka su saya, su ce sun rage ɓarnar da suke yi wa yanayi.

To, wa ke gadin dajin? Mutanen karkara ne. Su za su daina ƙona gawayi, su fasa sharar sabuwar gona, su kashe gobarar daji da rani, su kuma haɗiye takaici ranar da giwa ta tattake masu masara. Wannan aiki ne, har da asara a cikinsa, amma sau da yawa ladan da suke gani bai wuce rijiyar burtsatse ko gyaran aji ba, shi ma a kawo shi kamar sadaka.

Shirin Kariba na Zimbabuwe ya isa misali. An fara shi a 2011 a kan fili mai faɗin hekta 785,000, a yankunan Binga, Hurungwe, Nyaminyami da Mbire. Kamfanin South Pole na Suwizalan ne dillali, Gucci da Volkswagen na cikin masu saye. A 2023 binciken 'yan jarida ya nuna an zuzuta yawan dajin da aka ce an ceta, kuma bin sawun kuɗin da aka ce an kashe wa al'umma ya gagara. A Oktoban shekarar South Pole ya zare hannunsa. Manomin Binga dai bai taɓa sanin nawa aka sayar da tan guda ba, balle ya lissafa rabonsa, kuma a ganina nan ne tushen cutar.

Kenya kuwa ta ɗauki mataki kan batun rabon. Dokar da ta gyara a 2023 ta ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin duk wani shirin kabon da aka yi a kan ƙasa na al'umma ne. Madalla. Sai dai ƙa'idojin da suka biyo baya a 2024 sun yarda a fara cire kuɗin gudanar da aiki kafin a yi rabo, shi kuwa wannan lissafi a littafin kamfani yake.