Shirun bakwaini ba haƙuri ba ne

"Yaron nan akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi." Haka 'yan barka kan yaba bakwaini, mai jego ma ta ji daɗi. Sau da yawa kuwa ƙarfin kukan ne babu. Jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37 ƙwaƙwalwarsa ba ta yi ƙwari ba, hayaniya da haske da taɓin da mu ba ma ko lura da su, shi wahala ce gare shi. Yana kokawa, sai dai da jikinsa yake yi.

Wata masaniyar halayyar jarirai a asibitin yara na Boston a Amurka, Heidelise Als, ita ta tsara yadda za a karanta wannan koke. A 1982 ita da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin halayyar bakwaini, daga baya ta kafa tsarin horar da ma'aikatan jinya da ake kira NIDCAP. Nas ɗin da ke koyo takan tsaya gefen kwalbar jariri da takarda a hannu, ba ta taɓa shi. Duk bayan minti 2 tana rubuta abin da ta gani, tun kafin a canza masa ƙunzugu ko a ɗibi jininsa, da lokacin da ake yi, da bayan an gama.

Me take dubawa? Ya baza yatsu ya miƙa hannu sama kamar mai cewa "dakata". Ya banƙare, ya kau da fuska, fatarsa ta yi dabbare-dabbare, hamma da shaƙuwa suna ta zuwa ana cikin jagwalgwala shi, ko kuma ya saki jiki laƙwas. Wannan ya gaji. Wanda ya natsu kuwa za a ga ya dunƙule, ya kai hannu baki, ya riƙe yatsan da aka miƙa masa, numfashinsa na tafiya daidai. Da abin da ta rubuta ake gyara aiki: a lulluɓe kwalbar don rage haske, a sassauta murya, a bar shi ya yi barcinsa, in ya nuna gajiya a dakata, a ɗora masa tafin hannu cak ba tare da shafawa ba.

Horon yana cin lokaci da kuɗi, kuma masana ba su daidaita ba kan ko yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa idan ya girma. Amma a ganina koyon karanta alamun jariri bai kamata ya jira wannan muhawara ba, musamman a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, Najeriya na cikin ƙasashe biyar da ke kan gaba. Inda nas ɗaya ke fama da jarirai da yawa, idon uwa shi ne na biyu. Ku tambayi nas ta nuna muku alamun tun kuna asibiti, ta kuma koya muku ɗora shi tsirara a ƙirji, fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978.

A gida ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Ɗaki cike da baƙi, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, ga hayaƙin turaren wuta. Kaka ko maigida su tsaya a ƙofa su ba da haƙuri, barka ta karɓu ko ba a ɗauki yaro ba. A kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba tarin tsumma kusa da fuskarsa.

Idan numfashinsa ya ɗauke har daƙiƙa 20, ko leɓɓansa suka yi shuɗi, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ko ana tashinsa ba ya tashi, a nufi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, a sa shi a ƙirji cikin riga a tafi.