Azara Da Tazara: Abin Lura Kafin A Ɗora Benen Katako

Duk wanda ya san Zongon Lome ya san fili ya yi mana kaɗan. Tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka mai da jama'a Agoe, can bakin hanyar Atakpame, iyali sai ƙaruwa suke yi, fuloti kuwa yana nan yadda aka yanka shi. Saboda haka ido ya koma sama. Mai hali yakan zuba siminti da rodi, wanda ƙarfinsa bai kai ba kuwa sai ya kira kafinta ya shimfiɗa masa katako, ko ɗan bene a cikin shago don ajiyar kaya, ko ɗaki a saman zaure don samari. Wannan ba laifi ba ne, tsofaffin benaye da yawa na Lome da Aneho da daɓen katako aka gina su. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓen azarar da za ta ɗauki daɓen.

Kwanan baya na shiga shagon wani ɗan'uwa mai sayar da shinkafa da sukari. Da na ɗaga kai sai na ga azarar benensa ta lotsa kamar bayan tsohon jaki, ga yaransa biyu zaune a ƙarƙashi suna cin abinci. Na yi masa magana, ya ce ai kafinta ya tabbatar masa katakon mai ƙarfi ne. Gaskiyar kafinta, katakon ba shi da aibu. Faɗin shagon ne ya fi ƙarfinsa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a kawo ma'aunin Bature. Azara ta asali, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma maginan Kano da Zariya ba sa barinta ta ƙetare fiye da kimanin ƙafa 6, kusan mita 2 ke nan, in za a ɗora mata ƙasa. Idan ɗaki ya fi haka faɗi sai su fito da wata azarar daga bango ta tallafe ta, ko su kafa ginshiƙi, ko su ɗaure bakan gizo irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Tazara ce ke faɗa wa magini irin azarar da zai sa.

Lissafin injiniyoyi ya nuna dalili. Idan aka ninka tazarar bango da bango sau 2, wahalar da katako ke sha a tsakiyarsa takan ninku sau 4, lotsawarsa kuwa sau 16. Wato katakon da ya zauna lafiya a ɗaki mai mita 2, in aka kai irinsa ɗaki mai mita 4, an ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi. Maganin wannan yana ga faɗin katakon, shi ya sa kullum ake tsayar da azara a kan gefenta. Ɗauki babban katakon nan da 'yan kasuwa ke kira madrier, mai kaurin santimita 7.5 da faɗin 22.5. In ka kwantar da shi rubda ciki, ƙarfinsa ya koma kashi 1 cikin 3, kuma zai lotsa sau 9 fiye da in yana tsaye. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya.

Akwai tsohuwar ƙa'ida ta kafintoci wadda kowane maigida zai iya yi da fensir. Auna tazarar da santimita, raba da 24, ka ƙara 5. Abin da ya fito shi ne faɗin azarar da kake bukata, muddin kaurinta bai gaza santimita 5 ba, kuma an jera ta santimita 40 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ɗaki mai mita 3 yana son santimita 17.5, wato bastaing. Mai mita 3.6 yana son 20. Mai mita 4.2 yana son 22.5, madrier ke nan. Kafintocinmu da suka koyi aiki a Gana ko Nijeriya da inci suka san ta: rabin ƙafafun tazara a ƙara 2, ƙafa 12 ta ba da inci 8. Abin da ya wuce haka kada a yi ta neman ƙaton katako, a gitta babban gungume ko ƙarfe a tsakiya bisa ginshiƙi, tazarar ta rabu biyu. Kuma in za ka saye ka tafi da ma'auninka, domin sau da yawa abin da aka kira 20 yakan fito 18 daga bakin zarto.

To amma a kula, wannan lissafi na ɗakin kwana ne, inda ake ƙiyasta nauyin kilo 150 a kan kowace murabba'in mita: mutane, gado, akwati. Mu kuwa 'yan kasuwa ne. Buhun shinkafa kilo 50 ne, biyu in an jera sun kusa cinye murabba'in mita guda. A tsiba su hawa 6, an sami kilo 600, ninki 4 na abin da aka auna wa daɓen. Duro mai lita 200 in ya cika ruwa kilo 200 ne a kan ɗan gurbin da bai kai tabarmar salla ba. Tankin lita 1,000 kuwa tan guda ne cur. Duk mai niyyar irin wannan ajiya ya faɗa wa kafinta tun farko, shi kuma kafinta in yana tsoron Allah ya ce a nemo injiniya. A ganina kunyar faɗin "ban sani ba" ta fi rashin kuɗi lalata gini a unguwarmu.

Sai irin icen. Loko da maɗaci da tek, wanda Jamusawa suka fara dasawa a Togo farkon ƙarni na 20, duk suna ɗaukar nauyi, sai dai farin gefen ƙaramin tek gara na cinsa, jan cikin ake nema. Farin katakon nan mara nauyi da mutanen Gana ke kira wawa, ko samba a bakin masu Faransanci, na akwatin zuba siminti ne da silin. Sunan nasa ba Hausa ba ne, amma wanda ya yi azarar bene da shi ya fassara shi da kansa. Ɗanyen katako ma yakan ci gaba da lanƙwasa wata da watanni, a bar shi ya sha iska a inuwa. Mai gaɓa kuma a juya gaɓar ta kalli sama, don gefen ƙasa ne ke shan ja.

Mai sa waya da mai famfo su ma a sa musu ido. Kada a yarda su sare gefen azara na ƙasa, balle a tsakiyar ɗaki. In dole ne, a huda a tsakiyar faɗin katakon, ramin kada ya wuce kashi 1 cikin 4 na faɗin. Bakin azara ya zauna a bango kamar santimita 10, a shafe shi da kwalta, domin mu da ke maƙwabtaka da kogin Zio mun san yadda bango ke shan laima da damina, kuma daga bakin nan ruɓa da gara ke farawa.

Wanda ya riga ya yi nasa benen, ya sami zare ya ɗaure daga wannan bakin azara zuwa wancan ta ƙasa, ya ja ya yi tsam. A ɗaki mai mita 3.6, in tsakiyar ta sauko fiye da santimita 1 da 'yan kai, kamar kaurin ɗan yatsa, a sauke kaya tukuna. Sannan a soka tsinin wuƙa a bakin katakon wajen bango. In ta shige ba gardama, a tokare da ice mai ƙarfi daga ƙasa, a fitar da yara daga ɗakin kafin kafinta ya iso.