Daren Sandunan Wuta a Yerevan

Yau shirin namu zai yada zango a Yerevan, babban birnin Armeniya, a daren 23 ga Afrilu.

Da almuru ta yi, sai ka ga dubban matasa sun cika tsakiyar gari, kowa riƙe da sandar wuta. Daga nan su ɗunguma a ƙafa zuwa tudun Tsitsernakaberd, wurin tunawa da mamatansu. Wata budurwa na rungume da tsohon hoton kakar kakarta, wanda ya dushe har fuskar ba ta fita sosai. Ba ta taɓa ganin matar ba, amma ta san sunan ƙauyen da aka koro ta.

A ranar 24 ga Afrilun 1915, hukumomin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi, kada wani ya kai hankalinsa Sakkwato, suka kame fitattun Armeniyawa sama da 200 a Istanbul, marubuta da malamai da limaman coci. Daga nan abin ya bazu. Aka karkashe maza, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor, yunwa da ƙishirwa suka gama da mafi yawansu. Armeniyawa na cewa mutum miliyan 1.5 suka halaka. Cikin waɗanda suka sha da ƙyar, akwai waɗanda Larabawan ƙauye ne suka ɓoye su. Sharifin Makka na lokacin, Husaini ɗan Ali, har takarda ya rubuta cewa a kare su.

To, ina gizo ke saƙar? A kan kalma ɗaya: kisan ƙare dangi. Turkiyya ba ta musun an mutu da yawa, amma ta ce yaƙi ne da annoba, kuma Musulmi ma sun mutu, ba shiri aka yi na shafe wata al'umma ba. Mafi yawan masana tarihi ba su yarda da wannan bayani ba. Uruguay ce ta fara amincewa da lamarin a hukumance a 1965. Faransa ta yi doka a 2001, majalisar Jamus ta bi sahu a 2016, sai a 2021 Joe Biden ya furta kalmar da shugabannin Amurka suka daɗe suna kewaye mata don gudun ɓata wa Ankara.

Shi kansa wurin tunawar da ke kan tudun nan, fitowar jama'a ce ta samar da shi. A 1965, zamanin Tarayyar Sobiyet da zanga-zanga ke iya kai mutum kurkuku, kimanin mutum 100,000 suka fito titunan Yerevan. Bayan shekara biyu aka buɗe wurin: manyan duwatsu 12 sun sunkuya kewaye da wutar da ba a barin ta mutu, ga hasumiya mai tsayin mita 44. Idan gari ya yi garau, daga nan kana hango dutsen Ararat, abin alfaharinsu, amma yana cikin Turkiyya, iyakar kuma a rufe take tun 1993.

Ba komai na daren ke burge ni ba. Wasu matasan kan ƙona tutar Turkiyya kafin a tashi, alhali a can ma akwai masu tsayawa kan gaskiya. Lokacin da aka harbe ɗan jarida ɗan ƙabilar Armeniyawa Hrant Dink a Istanbul a 2007, dubun-dubatar Turkawa ne suka raka gawarsa.

Waɗanda suka ga abin da ya faru a 1915 da idonsu kusan duk sun kwanta dama, saura jikoki da tattaɓa-kunne. Washegarin wannan dare, 24 ga Afrilu, tun da sassafe, jama'a kan yi layi da furanni, su jera su kewaye da wutar har tarin ya zama katanga. Bayan 'yan kwanaki sai yara da matasa su zo su kwashe, su tsittsinke su, karan a yi taki da shi don itatuwan tudun, furen kuma a shanya a yi takarda.