Renon Yara a Ƙasar Baƙunci

'Yan'uwa, mun san cin rani, amma ba mu cika tunanin nauyin da ya ke ɗora wa uwa ba. Bari mu duba matan ƙasar Polan.

A shekarar 2004 Polan ta shiga Tarayyar Turai, mutanenta suka yi ta ƙaura zuwa Ingila neman aiki. A ƙidayar 2011, masu harshen Polan a Ingila da Wales sun kai 546,000.

A gida, kaka kan riƙe jikoki idan uwa ta fita aiki. A baƙunci babu kaka, gidan reno kuma da tsada. Sai miji ya yi aikin dare, mata ta yi na rana. Waɗansu suka bar yara wurin kakanni, har aka laƙaba musu suna "marayun Turai".

Yaran da aka tafi da su kuwa Turanci ya kan cinye harshensu. Don haka iyaye mata su kan kai su makarantar Asabar, sau da yawa a ƙarƙashin ikkilisiyar Katolika, su koyi harshe da tarihi da addini.

Idan baƙuwa ta sauka cikinmu ba dangi, bari zumuntar mata ta zame wa 'ya'yanta kaka.